Wa Ke da Bakin Magana a Jinyar Ƙarshe? Matsayin Marar Lafiya da Iyalinsa a Zaman Shawarar Ma'aikata



Batun da aka ɗora mini yau ba ya cikin batutuwan da ake marmarin ji, domin kuwa magana ce a kan mutumin da likita ya riga ya tabbata cewa ciwonsa ba mai tashi ba ne. Duk da haka ina roƙonku ku ba ni aron kunnuwanku, saboda da wuya a sami wani a wannan zaure wanda bai taɓa kwana a gaban marar lafiya ba, wanda kuwa bai taɓa ba, yana tafe. Tambayar da zan bi ita ce: sa'ad da ma'aikatan lafiya suka zauna domin su yanke shawarar yadda za a yi da irin wannan marar lafiya, shin shi da masu jinyarsa suna da wurin zama a cikinsu, ko kuwa nasu shi ne su jira a bakin ƙofa har a fito a sanar da su?

Kafin mu kai ga zaman, ya kamata mu san gidan da ake yin sa. A ƙasashen Turai da Amurka akwai wani tsarin jinya da suke kira hosfis, wanda ni zan riƙa kiransa gidan jinyar ƙarshe. Aikinsa shi ne ya karɓi mutumin da magani ya gaza warkar da shi, kamar mai ciwon daji da ya bazu ko mai ciwon zuciya da ya kai maƙura, ya kashe masa zafin ciwo, ya kula da mutuncinsa da hankalinsa har Allah ya karɓi abinsa. Wadda ta kafa wannan tsari a kan tafarkin ilimin zamani wata Baturiyar Ingila ce, Cicely Saunders, wadda aka haifa a 1918. Tarihinta yana da muhimmanci ga batunmu, domin sau uku ta canja kujera a gefen gadon marar lafiya. Da farko nas ce a zamanin Yaƙin Duniya na Biyu, har ciwon baya ya raba ta da aikin. Daga nan ta zama ma'aikaciyar jin daɗin jama'a ta asibiti, watau mai bin matsalolin marasa lafiya na kuɗi da na gida. A wannan matsayi ne ta san wani Bayahude ɗan gudun hijira daga Warso ta ƙasar Polan, David Tasma, wanda ciwon daji ya kashe a 1948 yana da shekara 40, ya bar mata fam 500 domin gidan da suka yi ta zancen ginawa. Sa'an nan ta koma makaranta ta karanta likitanci, ta gama a 1957.

Daga 1958 ta yi aiki a gidan jinya na Saint Joseph da ke unguwar Hackney a Landan, inda ta yi wani abu da likitocin zamaninta ba su saba yi ba: ta riƙa ɗaukar maganar marasa lafiya a rikoda, tana sauraren yadda su da kansu suke bayyana abin da ke damunsu. Daga wannan saurare ne ta fito da ra'ayin da ya shahara da sunanta, cewa ciwon mai mutuwa dunƙulallen abu ne, akwai na jiki a ciki, akwai fargaba, akwai damuwar iyali da abin da za su ci bayansa, akwai kuma abin da ke tsakaninsa da Mahaliccinsa. A 1967 ta buɗe gidan Saint Christopher a kudancin Landan, a nan kuma ita kanta ta rasu a 2005. Abu biyu suka biyo bayan ra'ayin nata. Tun da ciwon ya wuce na jiki, likita shi kaɗai ba zai iya da shi ba, sai an haɗa ayarin ma'aikata masu sani daban-daban. Tun da kuma damuwar iyali tana cikin ciwon, wanda ake jinya ya zama marar lafiya tare da iyalinsa baki ɗaya.

Amurkawa ne suka mai da wannan ra'ayi doka. Florence Wald, shugabar makarantar koyon aikin nas ta Jami'ar Yale, ta saurari Saunders a 1963, kuma a 1974 ita da abokan aikinta suka soma irin wannan jinya a jihar Connecticut, suna bin mutane gidajensu. A 1982 majalisar ƙasar ta yarda asusun Medicare, wanda ke biyan kuɗin maganin tsofaffi, ya riƙa biyan jinyar ƙarshe ga wanda likitoci suka shaida cewa, in ciwon ya bi hanyarsa, kwanansa ba zai wuce wata shida ba. Ƙa'idojin da aka sabunta a 2008 sun tilasta a kafa ayari wanda aƙalla ya ƙunshi likita, da nas, da ma'aikacin jin daɗin jama'a, da malamin addini ko wani mai ba da shawara. Sun kuma tilasta ayarin ya sake duba shirin jinyar kowane marar lafiya kafin kwana 15 su wuce, kuma a tsara shirin tare da marar lafiya ko wakilinsa da babban mai jinyarsa, in suna so.

To, a takarda ke nan. Yanzu mu leƙa ɗakin da ake zaman. Ma'aikata sukan taru a ofis da safe, a gabansu akwai jerin sunaye masu yawa, kowane suna ba ya samun fiye da 'yan mintoci. Nas ce ke karanta rahoto, likita ya yi tambaya ɗaya ko biyu a kan magani, a sa hannu, a wuce na gaba. Shi kuwa mai sunan yana can gida kwance, domin a Amurka galibin wannan jinya a inda mutum yake zaune ake yin ta. Matarsa ko 'yarsa ba ta da halin barinsa ta yi tafiyar sa'a guda domin zaman minti biyar. Ko da ta zo ma, ba za a bar ta ta zauna ta ji asirin sauran marasa lafiya ba. Saboda haka sai ya zamana dokar ta buɗe ƙofa, amma ba kasafai ake ganin mai shiga ba.

Wani zai ce, ina laifi? Ai nas ta je gidan, ta gani, ta kawo labari. Ina roƙon mai wannan magana ya yi lissafi da ni. Mako guda sa'a 168 ne. A ce nas ta ziyarci gidan sau uku, kowace ziyara sa'a guda. Saura sa'a 165 wa ke tsaye a kan marar lafiya? Wa ke ba shi magani da ƙarfe biyun dare, wa ke juya shi kada bayansa ya yi gyambo, wa ya san ya kwana yana nishi ko ya yi barci? Hausawa sun ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Sanin da ayarin ke buƙata domin ya yanke shawara daidai, mafi yawansa yana wurin mutanen da ba su cikin ɗakin.

Bari in ba da misali da maganin mofin, domin a kansa ne wannan giɓi ya fi yin ɓarna. Cikin abubuwan da Saunders ta tabbatar akwai cewa mofin na sha, in ana so ya yi aiki ga mai ciwon daji, sai a ba da shi bisa agogo, kowace sa'a huɗu, kafin zafin ya dawo, ba a jira sai mutum ya soma kururuwa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ɗauki wannan ƙa'ida cikin jagorar da ta fitar a 1986. Yanzu mu ƙaddara wata 'ya tana jinyar mahaifinta. An ba ta kwalba an ce kowace sa'a huɗu. Ita kuwa ta taɓa jin cewa mofin yana sa maye, ta kuma lura duk sa'ad da ta ba shi sai ya yi ta barci, sai tsoro ya kama ta kada ya zamana hannunta ne ya ƙarasa shi. Sai ta riƙa tsallake na dare, tana rage na rana, ba ta gaya wa kowa ba domin kunya. Nas ta zo ta tarar da tsoho cikin azaba, ta kai rahoto cewa maganin bai isa ba. Likita, bisa abin da ya ji, ya ƙara yawansa. Ku duba abin da ya faru: an ƙara magani a kan ma'aunin da ba a taɓa sha cikakke ba. In 'yar ta ci gaba da ragewa, tsoho ya ci gaba da shan wuya. In kuwa wata rana ƙaninta ya karɓi jinyar ya ba da sabon ma'aunin cif, ana iya samun haɗari na gaske. Babu maƙaryaci a cikinsu, babu kuma mugu. Tambaya ɗaya ce ba a yi ba, kuma mai amsar ba ta wurin. Da an zaunar da ita, da ta ji daga bakin likita cewa barcin kwanakin farko yakan ragu, cewa mofin da aka auna daidai da zafin ciwo ba shi ke kawo ajali ba, kuma abin da ya kamata ta sa wa ido shi ne taurin bayan gida, wanda kusan kowane mai shan mofin yake fama da shi, ana kuwa da maganinsa.

Haka batun abinci yake. Mai gab da mutuwa jikinsa yakan daina neman ci da sha, iyali kuwa suna ganin barinsa haka tamkar kisa da yunwa ne, sai su yi ta ɗura masa kunu har ya shaƙe ya gangara huhu. Haka kuma kakarin da akan ji a maƙogwaro a sa'o'in ƙarshe, wanda ya fi tayar da hankalin masu ji fiye da yadda yake damun mai yin sa. Wanda aka yi wa bayani tun da wuri yakan zauna ya riƙe hannun mahaifinsa; wanda ba a yi wa ba yakan ɗauke shi cikin dare a ruga asibiti, ya cika a kan hanya ko a kan benci, alhali kuwa burinsa ya cika a ɗakinsa.

Masu bincike sun gwada hanyoyin rufe wannan giɓi. Debra Parker Oliver, wadda a lokacin take Jami'ar Missouri, da abokan aikinta sun shafe shekaru suna haɗa masu jinya da zaman ma'aikata daga gida, da farko ta wayar tarho mai nuna hoto, daga baya ta intanet. In an zo kan sunan marar lafiyarsu sai a kira su, a yi maganarsa, a kashe kafin a shiga na gaba, ta haka an kiyaye asirin saura. Gaskiya ta wajaba a nan: da suka auna sakamakon da ma'aunin lissafi, ba su sami babban bambanci tsakanin waɗanda aka haɗa da waɗanda ba a haɗa ba, ko da yake sun nuna abin mai yiwuwa ne, kuma masu jinya da yawa sun ce sun amfana. Ni abin da na fahimta daga wannan shi ne, a nuna fuskar mutum a allo na 'yan mintoci a cikin zaman da aka tsara domin ma'aikata bai isa ya canja kome ba, in dai yadda ake maganar bai canja ba.

Hujjata a kan haka ta fito ne daga wani fage na kusa, watau ɗakin masu ciwo mai tsanani na asibiti, inda ake yawan kiran iyali domin a gaya musu cewa an kai ƙarshe. A wani bincike da aka buga a 2004, an ɗauki irin waɗannan zama a rikoda a asibitocin birnin Seattle, aka tarar ma'aikata ne ke cinye kashi 71 cikin 100 na lokacin magana, iyali kashi 29 kawai; kuma duk inda rabon iyali ya ƙaru, gamsuwarsu ta ƙaru. A 2007 kuma aka buga wani gwaji da aka yi a ɗakuna 22 na asibitocin Faransa, da dangi 126. Rabinsu an yi musu zama irin na kullum, rabin kuwa an umarci likitoci su saurara, su karɓi ɓacin ran mutane, su tambayi wane irin mutum ne marar lafiyar, su nemi a yi musu tambaya, aka kuma ba dangin ɗan littafi a kan zaman makoki. Zaman farko ya ɗauki kimanin minti 20, dangi suka yi magana minti 5. Na biyu minti 30, dangi suka yi magana minti 14. Bayan kwana 90 da rasuwar, alamun firgici mai ɗorewa sun bayyana ga kashi 69 cikin 100 na rukunin farko, amma kashi 45 ne a na biyu. Ƙarin minti goma ke nan, wanda galibinsa shirun likita ne.

Sai dai kada in sa ku zaci abin ba shi da ƙaya. Akwai ta, kuma mafi tsininta ita ce gaskiya: ba a iya zaunar da mutum a shawarar mutuwarsa alhali ba a gaya masa yana mutuwa ba. Su kansu Turawa ba da daɗewa suka sauya ba. A 1961 wani likita, Donald Oken, ya tambayi likitocin Amurka, kimanin kashi 90 cikin 100 suka ce sun fi son su ɓoye wa mai ciwon daji sunan ciwonsa. Da aka maimaita tambayar, a binciken da aka buga a 1979, kashi 97 suka ce sun fi son su faɗa. A al'ummomi da yawa kuwa, har da tamu, dangi ne ke karɓar labarin, su roƙi likita ya rufa, domin kada zuciyar marar lafiya ta karye. Ba na raina wannan niyya, tausayi ne ya haife ta. Amma sau da yawa shi marar lafiyar ya riga ya sani, jikinsa ya gaya masa, yana yin shiru ne domin ya tausaya musu kamar yadda suke tausaya masa, sai kowa ya kwana da nasa nauyi shi kaɗai. A cikin wannan shiru ne bashi ke tafiya ba a ambata ba, amanar da aka ba shi ajiya ta ɓace, wasiyya ta fita babu shaidu, gafarar da yake so ya nema wurin ɗan'uwansa ta makara. Hanyar da ƙwararru suka fi yarda da ita ita ce a tambayi mai abin tun da fari, yana cikin hankalinsa: nawa kake so ka sani, wa kake so ya zauna tare da kai, wa zai yi magana a madadinka ranar da ba ka iyawa? In ya ce a yi da babban ɗansa kada a dame shi, wannan ma zaɓinsa ne, a girmama shi. Abin da bai halatta ba shi ne a zaɓa masa jahilci ba da saninsa ba.

Akwai kuma ƙorafin ma'aikata, wanda ke da ƙamshin gaskiya. Suna buƙatar wurin da za su yi musu da juna, nas ta ce wa likita ya yi kuskure, ko a faɗi zargin cewa wani a gidan yana karkatar da maganin, abin da ba ya faɗuwa a gaban iyali. Saboda haka gidaje da yawa suka raba abin biyu: ma'aikata su yi nasu zaman, sa'an nan a shirya zaman iyali na musamman a gefen gado ko a falon gida, da mutum biyu ko uku daga ayarin, a soma da tambayar abin da iyalin suka fahimta, a ƙare da rubuta abin da aka amince da wanda zai yi shi. A ganina wannan ya fi dacewa, da sharaɗi guda, kada zaman iyalin ya zama wurin karanta hukuncin da aka riga aka yanke a ofis.

Shugaba, kada a ce na yi ta yawo a Landan da Amurka na manta gida. Wannan tsari ya iso Afirka tun 1979, sa'ad da aka kafa Island Hospice a birnin da yanzu ake kira Harare. A 1993 Dokta Anne Merriman, wadda ta taɓa aikin likita a kudu maso gabashin Nijeriya, ta kafa Hospice Africa a Kampala, ta yaɗa mofin na ruwa mai araha wanda ake sha a gida, har a 2004 Yuganda ta ba nas-nas da aka horar izinin rubuta shi. A Nijeriya, Farfesa Olaitan Soyannwo ta Ibadan tana cikin waɗanda suka share fagen, kuma a 2014 Babban Taron Lafiya na Duniya ya zartar cewa irin wannan kulawa ta zama ɓangaren aikin lafiya na kowace ƙasa.

Mu a nan matsalarmu ta sha bamban da ta Amurka. Can ana neman yadda za a jawo iyali kusa. Nan iyali suna cikin aikin tsundum, su ke sayo magani, su ke wanki da dafa abinci, su ke kwana a barandar asibiti. Suna cikin wahalar, ba su cikin shawarar. In ma likita ya kira dangi, wa ke shiga? Yayan marar lafiya, ko ɗansa da ya zo daga Abuja jiya da kuɗin magani. Matar da ta yi wata uku tana juya shi tana goge shi tana waje a kan tabarma, in an shigo da ita ma kunya ba za ta bar ta ta buɗe baki a gaban yayyen mijinta ba. Ma'aikacin da ya san aikinsa sai ya nemi hanyar jin ta bakinta, ko da ta hannun nas mace ce a keɓe, ya kawo abin da ta faɗa cikin zaman ba tare da ya kunyata kowa ba. A gidan da ke da mata fiye da ɗaya kuwa, sai a bincika wadda jinyar ke hannunta a zahiri, domin ba lalle ita ce uwargida ba.

Shi kansa marar lafiyar namu yana da tasa al'ada da ke rufe bakinsa. In ka ce wa Bahaushe "Yaya jiki?", amsar ita ce "Da sauƙi", ko da kuwa bai runtsa ba tun jiya, domin an tarbiyyantar da shi a kan dauriya da godiya ga Allah. Likitan da ya rubuta wannan amsa a matsayin rahoto ya rubuta gaisuwa ne kawai. Sai an gama gaisuwar, a zauna, a tambaye shi sau nawa ya farka cikin dare, ko yana iya juyawa da kansa, ko zafin yana hana shi salla a zaune, sa'an nan labarin gaskiya zai soma fitowa.

Ga ɗalibanmu na likitanci da aikin nas, wannan fasaha ce da ake koyo kamar yadda ake koyon ɗinkin rauni, kuma ya kamata a jarraba ku a kanta. Ga ma'aikatan gwamnati da ke tsara ayyukan asibitoci, abin da ake nema wurinku kaɗan ne: ɗaki mai ƙofa da kujeru shida kusa da kowane sashen kwanciya, da rabin sa'a da aka amince cewa aiki ne cikin jadawalin likita da nas, da gurbi a takardar marar lafiya inda za a rubuta sunan wanda ya zaɓa ya yi magana a madadinsa da sunan wanda ke ba shi magani da dare, domin sau da yawa mutum biyu ne daban.

Shugaba, a nan zan dakata domin a sami lokacin tambayoyi.